Yoga da ciwon damuwa: ina take taimakawa, ina ake yin kuskure

Admin: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayar da ta cika akwatin saƙo a makon nan ta yoga ce, motsa jikin nan na Indiya da ke haɗa miƙa da sarrafa numfashi, wai tana maganin ciwon damuwa. Wasu na so su gwada, wasu na ɗari-ɗari da ita saboda addini, wasu kuma sun ji an ce da ka fara sai ka ajiye ƙwayoyin asibiti. Muna da ma'aikatan lafiya da malamai a zauren nan, a warware mana. Don Allah banda turo bidiyon da ba a san asalinsa ba.

Dakta: Wa alaikumus salam. A fara kashe maganar ajiye ƙwaya tukuna, domin ita ce mai mayar da mutum gadon asibiti. Yoga 'yar rakiya ce. Ba ta maye gurbin magani, ba ta maye gurbin zama da masanin halayyar ɗan Adam.

Sannan a bambanta ɓacin ran yau da kullum da ciwon. Wanda aka yi wa rasuwa ko jarinsa ya karye zai shiga ƙunci, kowa ya san wannan. Ciwon da muke nufi shi ne wanda ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum: rai a jagule, ko kuma komai ya zama lami, abin da a da ke faranta wa mutum yanzu ko a jikinsa. Barci ya rikice, ko dai ido ya bushe tun ƙarfe ukun dare ko barcin ya yi yawa. Cin abinci ya canja, jiki ya mutu, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa. Mutanenmu da yawa da jiki suke kawo ƙara: kaina ya yi nauyi, ƙirjina na zafi, wani abu na yi mini yawo a jiki, an yi maganin taifot har sau uku bai tafi ba.

Akwai takardar awo da ake kira PHQ-9. Tambayoyi tara ne, kowace daga maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 ciwon bai yi nisa ba, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsananta, 20 zuwa sama mai tsanani. Gurbin yoga ya fi faɗi a matakai biyun farko. Daga 15 zuwa sama magani ne a gaba, ita ta biyo baya in jiki ya yarda. Tambaya ta tara kuwa a kan tunanin gara mutuwa ce ko cutar da kai. In amsar ba sifili ba ce, an wuce maganar shimfiɗa tabarma. A kai shi wurin likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai.

Mai Bincike: Dakta ya gama magana a nan. Ga kuma abin da gwaje-gwaje suka nuna, ba ƙari. A 2013 masu bincike a Jamus sun tattara gwaji 12 da ya ƙunshi mutum 619, suka ga yoga ta rage alamomin ciwon na ɗan gajeren lokaci fiye da kulawar da aka saba ita kaɗai. A 2024 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani tattarawa mafi girma, gwaji 218, mutum 14,170, a kan motsa jiki iri-iri. Tafiya da sassarfa, yoga, da ɗaga nauyi duk sun nuna tasiri matsakaici, kuma yoga da ɗaga nauyi ne mutane suka fi jurewa ba su watsar ba. Sai dai marubutan da kansu sun ce tabbacin ba mai ƙarfi ba ne. Dalilin a fili yake: ana iya ba mutum ƙwayar bogi bai sani ba, amma ba yadda za a sa shi yoga bai san yoga yake yi ba, kuma wanda ya shiga da kyakkyawan zato yakan ba da rahoto mai daɗi.

Gwajin da ya fi koyar da darasi shi ne na Amurka da aka buga a 2017. Mutum 122 ne, duk suna kan magani amma ciwon bai sake su ba. Aka raba su, rabi ajin yoga, rabi ajin wayar da kai kan kiwon lafiya. Da aka cika mako goma babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Sai da aka bi su watanni bayan nan aka ga 'yan yoga sun ɗan yi gaba. Wato wanda ya yi mako biyu ya ce bai ga komai ba, bai ma kai inda ake dubawa ba. Jagorar likitocin Kanada ta 2016 ma a sahu na biyu ta ajiye ta, a matsayin ƙari a kan magani ga ciwon da bai tsananta ba.

Malam Fisiyo: To in haka ne me ya kai mu Indiya? Binciken da ka kawo da kanka ya ce tafiya ma tana yi. Tafiya kyauta ce, ba sai an koya maka ba, ba rigimar addini, ga hasken rana ga gaisawa da mutane. Ni a ganina duk wanda zai iya fita ya yi tafiyar minti talatin da ɗan sauri sau biyar a mako, ya cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ya fi masa bin bidiyon da zai murɗe masa wuya.

Malama Mai Horo: Malam, kalmarka ta “zai iya fita” ita ce gaɓar. Matar da ke cikin kulle fa? Mai jego? Tsohuwar da gwiwa ta hana ta nisa? Unguwar da ba a fita bayan magariba saboda tsaro? Sannan shi kansa ciwon yana sa mutum gudun idon jama'a. Sa kaya, fita ƙofar gida, amsa gaisuwar mutum goma a majalisa, ga mai wannan ciwo hawan dutse ne. Yoga wurin da tabarma ɗaya za ta shimfiɗu kawai take buƙata, ƙofa a rufe. Kuma ta haɗa abu uku da tafiya ba ta cika haɗawa ba: motsi, sarrafa numfashi, da mayar da hankali kan jiki maimakon saƙe-saƙen zuci. Ban ce ta fi tafiya ba. In ana iya duka biyun, a haɗa.

Malam Fisiyo: Na karɓi na masu kulle da na tsaro. Sauran za mu dawo kansu.

Ustazu: Allah ya saka da alheri. Tunda an taɓo addini, gara a faɗi abin yadda yake. Yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta a cuɗe yake da addinin Hindu, ba mai musun wannan. Abubuwan da malamai suka tsaya a kansu sanannu ne: rera kalmar “om” da sauran wuridansu, rusuna wa gunki ko malamin horo da haɗa tafuka da niyyar girmamawa irin ta bauta, da jerin motsin da suke kira surya namaskar, wanda ma'anarsa gaisuwa ga rana. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai fitowar rana don kada mu yi kama da masu yi mata sujada, ba sai an yi dogon bayani ba.

A Malesiya majalisar fatawa ta ƙasa ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda waɗannan abubuwa. A Indunusiya a 2009 majalisar malamai ta haramta wadda ke ɗauke da wuridi da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma a 2017 ta sa ta cikin wasannin motsa jiki da ake ba lasisi. Kun ga akwai saɓani. Akwai malaman da suka ce a bar ta gaba ɗaya har da sunan, kuma ba a raina maganarsu. 'Yan uwanmu Kirista ma wasu malamansu na da irin wannan shakku. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar ta, ya yi miƙa da numfashi da tafiya, ba abin da ya rasa. Ba a maganin damuwa da abin da zai ƙara wa mutum jin ya yi laifi.

Abu biyu kuma nake roƙo. A daina cewa ai sallah ma yoga ce. Sallah ibada ce, ba don miƙe jijiya aka farlanta ta ba. Sannan a daina ce wa mai wannan ciwo raunin imani ne ke damunsa. Mai hawan jini ba a ce masa haka. A yi addu'a, a sha magani.

Malama Mai Horo: Allah ya gafarta Malam, abin da zan zayyana babu wuridi, babu gaisuwar rana, babu rusunawa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ne.

Kayan aiki: tabarma ko kafet, a ɗora bargo a kai saboda gwiwa. Kada a yi a kan katifa, tana lotsawa, wuyan hannu da baya su sha wahala. Kada a yi da safa a kan tayil. Filo biyu, kujera mai ƙwari, da bango. In an ci tuwo a bari sai bayan awa biyu.

A fara a rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida. Hannun da ke kan ciki shi zai riƙa tashi da sauka, kafaɗa kada ta motsa. Wannan ya kama numfashi shida a minti, a yi minti biyu zuwa uku. Daga nan a juya a yi rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Da jan numfashi a saki ciki ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe. Da sakinsa a gantsaro baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas, numfashi ne ke jan motsin. Sai a ware gwiwoyi, a ja ɗuwawu baya zuwa dunduniya, a sa filo a tsaye ƙarƙashin ƙirji a rungume shi, kai a juye gefe ɗaya. Numfashi biyar, a juya kai, biyar.

Na tsaye su ne zuciyar abin ga mai mutuwar jiki, kuma su aka fi tsallakewa. A miƙe, ƙafafu a ware faɗin ƙugu, a ɗaga hannaye sama da jan numfashi, a sauke da sakinsa, sau shida. Sai a ware ƙafafu kamar mita ɗaya, ƙafar dama ta kalli gefen dama, ta hagu ta ɗan karkato ciki. A lanƙwasa gwiwar dama har ta tsaya a saman idon sawu, kada ta wuce yatsu, kada ta faɗo ciki. Hannaye a miƙe daidai kafaɗa, ido a kan yatsun hannun dama. Numfashi biyar, a sauya gefe. Cinya za ta yi zafi har ta ɗan yi rawa, hakan ake so. Bayan nan a jingina baya da bango, a zame ƙasa kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a tsaya a rabin hanya numfashi uku zuwa biyar.

A koma ƙasa a rigingine, dunduniya kamar taƙi ɗaya daga ɗuwawu, a danna ƙafa a ɗaga ƙugu sama, numfashi uku, a sauke. Sau biyar, kuma kada a juya kai alhali ƙugu na sama. Sai a kwantar da gwiwoyi biyu gefen dama, kafaɗu a manne da ƙasa, numfashi biyar, haka hagu. A rufe da ɗora ƙafafu a kan kujera daga gwiwa zuwa ƙasa, ko a jingina su da bango, minti uku zuwa biyar. Wajen tashi a mirgina gefe, a zauna, a yi numfashi uku, sannan a miƙe.

Malam Fisiyo: Tsarin ya yi, ba abin da zan cire. Ga inda ake jin ciwo. Wuyan hannu a rarrafe: a dunƙule hannu a dogara a kan ƙullin, ko a sauka kan gwiwar hannu. Gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa wajen ja da baya: a cusa filo tsakanin cinya da sha-raɓa, kada a danne ta da ƙarfi. Ɗaga ƙugu in ya kawo ciwo a ƙasan baya, an ɗaga ya wuce kima ne, da baya ake turawa maimakon tsokar ɗuwawu, a rage tsayin. Tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa da ake gani a YouTube ba ta ɗan koyo ba ce, nauyin jiki duka a kan ƙasusuwan wuya yake sauka. Mai hawan jinin ido ya guji duk yanayin da kai zai daɗe a ƙasan zuciya, domin matsin cikin ido yana hawa. Mai hawan jinin da bai daidaita ba shi ma haka, kuma kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri.

A san bambancin tsamin jiki da rauni. Tsami yana zuwa washegari, ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa biyu, ya wuce da kansa, kuma a tsoka yake. Ciwon da ya soka nan take, ko yake cikin gaɓa, ko ya harba daga baya ya sauka ƙafa da sagewa, wannan a tsaya a nemi a duba.

Anti Nas: Ni numfashin ne abin da nake so a ƙara tsayawa a kai, don nan aka fi ɓata rawa da tsalle. Da an ce wa mutum “ja dogon numfashi” sai ya cika ƙirji fam, ya fesar da sauri, ya sake cikawa. Cikin minti ɗaya ya kore iskar kabon da ke jininsa fiye da kima, jijiyoyin jinin kai su tsuke, sai jiri, leɓe da yatsu su fara tsira kamar allura, gaba ta riƙa faɗuwa. Mai fargaba kuwa nan take zai ɗauka ciwon zuciya ne ya kama shi, ya rantse ba zai sake ba. Abin da ake so numfashi a hankali, ba mai yawa ba. In na kusa da kai yana jin ƙarar numfashinka, ka yi yawa.

Dalilin tsawaita fitarwa shi ne bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa lokacin ja, ya ragu lokacin saki, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka zuciya da ciki. Ita ce burkin jiki. Wanda huɗu da shida ya yi masa tsawo ya fara da uku da huɗu, ya ƙara bayan mako guda. Irin numfashin nan mai sauri da ake buga ciki kamar zugazugin maƙeri, wanda suke kira kapalabati, mai ciki da mai hawan jini da mai farfaɗiya da mai yawan firgita duk su bar shi.

Dakta: Anti ta kawo ni inda nake so. Ciwon ba fuska ɗaya gare shi ba. Akwai wanda ya yi nauyi kamar an jiƙa shi, barci da yawa, magana da ƙyar. Wannan in ka kwantar da shi minti ashirin yana numfashi, ƙara nutsar da shi ka yi. A juya masa tsarin: ya fara da na tsaye, da safe, a tsakar gida ko kusa da taga inda haske zai same shi, domin hasken safe yana gyara agogon barci. Akwai kuma wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ƙirji a cushe, dare ya yi ido biyu. Shi na ƙasa da doguwar fitar numfashi suka fi masa, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya.

Sai rufe ido da dogon shiru. Ana ɗauka kowa yana samun natsuwa da shi, ba haka ba ne. Mai ciwon damuwa babban abokin gabarsa tufka da warwarar da ke kansa, kuma shiru fili yake ba ta. Shi ya sa hutun ƙarshe kada ya wuce minti uku zuwa biyar da farko, kuma a ba hankali aikin yi, ƙirgen numfashi ko jin inda jiki ya taɓa ƙasa. Waɗanda suka ga tashin hankali, wanda aka kora daga garinsa, wanda aka taɓa sacewa, wadda aka ci zarafinta, rufe ido a rigingine na iya dawo musu da abin kamar yanzu yake faruwa. Su bar ido a buɗe a kan wani abu guda a bango, su zauna baya a jingine suna kallon ƙofa, kuma mai koyarwa kada ya taɓa jikinsu don gyara sai ya nemi izini. In hawaye ya zo a tsakiyar yi, ba matsala ba ce, yana faruwa. In firgita ce ta zo, a tsaya, a tashi zaune, a danna tafin ƙafa a ƙasa.

Mai Haɗa Magani: Ranka ya daɗe Dakta, bari in shigo da ɓangaren ƙwaya. Biyun da aka fi bayarwa a wurarenmu su ne amitriptyline da fluoxetine. Na farkon yana sa jini ya faɗi in an miƙe farat ɗaya, yana busar da baki, yana rage gumi, kuma da safe mutum kan tashi da nauyin kai tunda da dare ake shan sa. Don haka matakin nan na Malama, mirgina gefe, zauna, sannan miƙe, ga mai shan sa wajibi ne, kuma na tsaye ya yi su kusa da bango. Na biyun a makon farko ko na biyu yakan kawo tashin zuciya da rashin sukuni, sai mutum ya ɗora laifin a kan yoga ko a kan maganin ya watsar da duka. Yawanci yana lafawa.

Tarkon da ya fi kama mutane yana wajen mako na shida. Maganin yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ya nuna aikinsa sosai. Mutum ya fara shi tare da yoga, ya ji sauƙi, sai ya ce ai motsa jikin ne, me zan yi da ƙwaya. Ya yanke rana ɗaya. Jiri, rashin barci, saurin fushi su biyo baya, bayan wasu makonni ciwon ya dawo. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a ci gaba da sha wata tara zuwa goma sha biyu bayan an ji sauƙi, kuma a janye shi sannu a hankali a hannun likita. Mai sayen diazepam a kemis don barci kuma ya sani yana kashe daidaiton tsayuwa, ga sabo. Mai shan lithium, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, ya kiyayi yawan gumi da ƙishirwa, domin ruwan jiki in ya ragu maganin na taruwa a jini har ya zama guba.

Mai Bincike: Wannan ya shafi yogar ɗaki mai zafi da ake yayi a waje, wadda ake ɗumama ɗakin zuwa digiri 40. An gwada ta a Boston, aka buga a 2023, mutum 80, mako takwas, sakamakon ya yi kyau. Amma da waɗanda ke zaman jira ba a yi musu komai ba aka kwatanta su, kuma a ƙarƙashin kulawa aka yi.

Malam Fisiyo: Digiri 40? Mutanen Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu kyauta suke samun ta. A bazara dai a yi bayan asuba ko bayan isha'i, ruwa a kusa.

Dakta: Wani gargaɗin. In mai ciwon damuwa ya wayi gari kwatsam yana barcin awa uku ba gajiya, magana ba birki, kashe kuɗi ba lissafi, yana cewa ya warke har yana yoga awa biyu, iyali kada su yi murna tukuna. Akwai ciwon da ke kaiwa da komowa tsakanin ƙunci da ɗoki mai wuce iyaka, maganinsa daban ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da shi. A koma asibiti. Haka wanda kasala ce ta fi yawa a ciwonsa, a duba jininsa ko ya yi ƙasa, a duba suga, a duba aikin ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo. In can matsalar take, ko shekara aka yi ana miƙa ba za ta gyaru ba. A kuma tambayi maganar tiramol da kodin ba tare da kunya ba.

Hajiya Ungozoma: Sannunku da ƙoƙari. Na mata masu ciki da masu jego a ware shi. Kuka da saurin ɓacin rai a kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa abu ne da aka saba, yana wucewa kafin mako biyu. In ya zarce, uwa ba ta jin jaririn a ranta, ba ta barci ko da ya yi barci, tana ganin ta kasa, wannan ciwo ne, ba shagwaɓa ba. In kuma ta fara sambatu ko jin muryoyi, a ranar za a kai ta, kada a tsaya ana hayaƙi.

Mai ciki daga wata na huɗu kada ta daɗe a rigingine, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ta yi numfashin a kwance ta gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi. Banda rub da ciki, banda murɗa ciki, banda riƙe numfashi. Rarrafen nan kuwa yana yi mata daɗin baya ƙwarai. Mai jego numfashin za ta iya tun kwanakin farko, sauran sai an yi arba'in an duba ta, wadda aka yi wa aiki kuma sai likita ya sallame ta. Kada ta yi daga fitowa wankan jego, ruwan zafin ya riga ya saukar mata da jini, jiri zai ɗebe ta. Kuma don Allah, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, wannan ba fargaba ba ce da za a ce ta ƙirga huɗu da shida. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, asibiti za a nufa.

Admin: Wata 'yar uwa ta turo ta bayan fage: ƙaninta ya san duk wannan, ya yarda zai yi, amma kullum sai ya ce gobe. Me za su yi?

Malama Mai Horo: Wannan ita ce ainihin matsalar, duk abin da muka zayyana a sama mai sauƙi ne a kanta. Ciwon kansa shi ke cinye niyya. Mai lafiya sha'awa ke zuwa masa sannan ya yi, mai wannan ciwo sai ya yi tukuna sha'awar ke biyowa, in ma za ta zo. Saboda haka jiran ranar da zai ji yana so, jiran gawon shanu ne.

A rage abin har ya zama ba a iya ƙin sa. Makon farko minti biyar kawai, numfashi da rarrafe. A shimfiɗa tabarmar tun dare a gefen gado, filo a kai, yadda ƙafarsa za ta sauka a kanta da ya tashi. A ɗaura shi da abin da ba ya tsallakewa, kamar idar da sallar asuba ko la'asar, kada a bar shi a “wani lokaci yau”. A rataye kalanda a yi alama duk ranar da aka yi, ko minti biyu ne. Ranar da aka tsallake ba a ramawa, ba a ninkawa, a ci gaba kawai. Ita kuma yayar ta daina “ka tashi ka yi”. Ta shigo ta zauna a ƙasa ta fara nata, ta ce zo ka taya ni ƙirge. Gori da faɗa ƙara masa shaidar cewa shi ba ya iya komai suke yi.

Mai Bincike: Kuma ba sai kullum ba. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Boston a 2017, mutum 30, mako 12, ya kwatanta masu zuwa aji sau uku a mako da masu zuwa sau biyu, duka suna ƙarawa da na gida. Ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai. Ƙarami ne, kuma ba rukunin da bai yi yoga ba, amma ya isa a ce wa mutum sau uku a mako, minti ashirin zuwa talatin, na tsawon mako takwas zuwa goma sha biyu, abin kirki ne.

Dakta: A riƙa aunawa kuma, domin mai ciwon shi ne na ƙarshe da ke lura ya samu sauƙi. A cike PHQ-9 kafin a fara, a maimaita duk mako biyu, a rubuta makin da kwanan wata a bayan kalandar nan. Raguwar maki biyar canji ne na gaske, raguwa da rabi ana cewa ya karɓi magani, ƙasa da biyar ya lafa. Mako shida ba motsi, ko makin na hawa, a koma wurin likita da takardar a hannu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa duk suna da sashen.

Ustazu: Dakta, saura azumi. Za a tambaya.

Dakta: Da rana a tsaya a na ƙasa da numfashi, minti goma, an fi so gab da shan ruwa yadda in ƙishi ya taso ba nisa. Na tsaye a bar su sai bayan tarawihi, abinci ya faɗa. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana yawanci ana iya matsar da shi, fluoxetine zuwa sahur, amitriptyline ya zauna a darensa, amma a zauna da likita tun cikin Sha'aban a tsara. Mai lithium kada ya ɗauki azumi sai sun yi magana da likitansa.

Malam Fisiyo: Malama, har yanzu ina kan bakana a kan tafiya. Wanda ya yi mako huɗu a tabarma ya fara jin ƙarfi, a fito da shi ko zuwa bakin layi ne ya dawo.

Malama Mai Horo: Ba musu. Amma zagayen farko a tsakar gida, sau goma, da takalmi a ƙafa.